Yadda za ka kula da tsohon kare a Saudiyya ba tare da kuɗin likita sun cinye maka albashi ba

Na san wasu daga jin an ce kare za su yatsina fuska, to ku yi haƙuri, ba karen falo nake nufi ba mai kwana kan katifa. Karen aiki nake magana, irin wanda da yawanmu Hausawan nan muke zaune da shi a garken tumaki ko istiraha (gidan hutu na bayan gari) ko gona, can bayan Jidda ta hanyar Usfan ko ta wajen Bahra, shi ne mai kwana ido biyu lokacin da kai kake ta minshari. Namu sunansa Barde, a garken kawuna yake, bana ya shiga shekara 10, kuma cikin shekara biyun nan ya ci min kuɗin da in na tuna sai na ja tsaki, ba don shi ba, don wautata, saboda fiye da rabin kuɗin jinkiri ne da rashin tambaya suka ci. Ga yadda ya kamata a bi abin.

Da farko ka san shekarunsa da nauyinsa. Manyan karnuka sun fi saurin tsufa, mai girman jiki daga shekara 6 ko 7 ya fara shiga sahun dattawa, ƙananan kuwa sai su kai wajen 10 da sauran ƙarfinsu. Nauyi kuma da shi ake auna kowane magani, kare mai kilo 30 zai ci kuɗin magani fiye da mai kilo 12 ko da ciwonsu ɗaya. Ka ɗora shi kan sikelin da ake auna raguna, ka rubuta a waya, bayan wata ɗaya ka sake. In yana cin abincinsa amma yana ramewa, da magana.

Na biyu, kuma wannan shi ne ya fi komai rage kashe kuɗi, ka koyi duba shi da kanka, kyauta ne ko halala (kwabon Saudiyya) ba za ka biya ba. Ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi, ya kamata ka gan shi jaja-jaja mai ɗanshi, in ka ga ya yi fari fat ko ya yi ɗorawa to jini ne ko hanta, ba abin jira ba ne. Ka lura da ruwan da yake sha, likitoci suna fara zargin ƙoda ko ciwon suga in kare yana shan sama da mililita 100 a kan kowane kilo na jikinsa a rana, wato mai kilo 25 ya wuce lita biyu da rabi kenan, amma fa ka yi la'akari da zafin garin nan, a watan Yuli kowa ma shan ruwa yake kamar raƙumi, don haka ka auna kwana uku a jere, ka haɗa da yawan fitsari. Lokacin da yake barci sosai ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya, ƙasa da 30 lafiya lau, in kullum yana haura haka ga kuma tari da daddare, zuciya ake tuhuma. Zafin jikin kare yana tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗoriya, ya fi na mutum, kar ka ga 38.5 ka ce zazzaɓi ne. Sai ka shafa jikinsa duka sau ɗaya a mako kana neman ƙullutu, ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu saboda kaska. Ƙari in an kama shi yana kamar ƙwallon dabino aikinsa kaɗan ne, in ya kai girman lemo kuwa sai tiyata babba da kwana a asibiti. Duk abin da ka gani ka ɗauki bidiyo, musamman ɗingishi ko tari, don kare in ya shiga gaban likita tsoro yakan sa ya miƙe garau kamar ba shi ba, ka zama kai ne maƙaryaci.

Na uku, dan Allah dan Annabi kar ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Nan ne ni na faɗa. Barde ya fara wahalar tashi da safe, ƙafafun baya sun yi tsami, na ce ai sanyin ƙashi ne irin na tsofaffi, na ɗauko ƙwayar ciwon baya da kawu yake sha na dinga tura masa cikin nama kwana huɗu. Rana ta biyar ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ashe cikinsa ne ke zubar da jini. Magunguna irin su Brufen da Voltaren suna ƙona cikin kare su taɓa masa ƙoda, Panadol ma ba a ba shi sai likita ya auna. Akwai maganin gaɓoɓi na karnuka, shi ma likita yakan so ya ga gwajin ƙoda kafin ya ɗora tsohon kare a kai na dogon lokaci. Abin da zan kashe a kashfi ɗaya, wato ganin likita, da kwalbar magani, sai ga shi na biya ƙarin ruwa na kwana biyu da gwajin jini har sau biyu. Da kawu ya ga fatura, wato takardar kuɗin asibiti, shiru ya yi, can ya ce "Ɗana, araha ba ta ado." Ban tanka ba. Haka nan allurar tumaki da maganin wankan kaska na dabbobi da ke ajiye a garke, kar ka ce ai duk dabba ce, awon tunkiya daban na kare daban.

Na huɗu, ka nemi likita tun kafin ka buƙace shi. A nan iri biyu za ka samu. Akwai baitari, wato likitan dabbobi, da ke kusa da kasuwar tumaki, yawanci 'yan Sudan ne ko Misirawa, sun ƙware a kan tumaki da raƙuma, kuɗinsu da sauƙi, sun isa a kan rauni, tsutsar ciki, allurar rigakafin haukan kare da makamantansu. Akwai kuma iyadodi, wato asibitocin cikin gari na kyanwa da kare, masu na'urar gwajin jini da hoton ƙashi da sikanin, su kuma kuɗinsu ba wasa. Tsohon kare da ke ramewa ko yawan shan ruwa, waɗannan na biyun zai je, ba makawa, don ba a gane ciwon ƙoda da ido. Ma'aikatar muhalli da ruwa da noma ita ke ba wuraren nan lasisi, in ka shiga ba laifi ba ne ka duba takardar. Wanda ke can gabas, Jami'ar Sarki Faisal da ke Ahsa tana da kwalejin likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, yana da kyau ya tambaya a can. Ka kuma sa kuɗin mota a lissafi, mai tasi ba zai ɗauki kare ba, sai ka roƙi mai wanet, wato akori-kura, kuma ka tafi da sassafe ko bayan la'asar, kar ka ɗora tsoho a bayan ƙarfe da azahar.

Na biyar, ka tambayi kuɗi kafin a taɓa shi. Mu Hausawa kunya ce ke kashe mu, likita yana ta lissafo abubuwa da Larabci da Turanci kai kana ta gyaɗa kai kana cewa tayyib, sai an miƙo takarda ido ya raina fata. Kuɗin kashfi ba shi ne matsala ba, abin da ke biyo bayansa ne: tahlil (gwaje-gwaje), hoto, allurar barci, kwanciya ta kowane dare, magani, sai dawowa a sake dubawa. Ka ce masa kai tsaye, "Dakta, ni ma'aikaci ne, ga iya abin da zan iya, me ya fi zama dole yau, me zai iya jira zuwa ƙarshen wata?" Wallahi yawancinsu suna fahimta, kuma sai ka ga jerin ya ragu. Tambayar da ta fi yi min amfani ita ce, wannan gwajin in an yi shi zai canza maganin da za a ba shi ko kuwa duk ɗaya ne? In ya ce duk ɗaya ne, ka san inda za ka rage. Ka nemi a rubuta maka jimilla a takarda, ka tambaya ko ta haɗa da dariba, wato harajin VAT, don tun Yulin 2020 harajin nan kashi 15 ne cikin ɗari, aikin riyal 1000 ya zama 1150 kenan, ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashi. Ka tambaya ko dawowa cikin mako ɗaya kyauta ce, ko suna karɓar biya kaɗan-kaɗan ta Tabby ko Tamara. Sannan wasu magungunan da ake rubuta wa kare akwai irinsu a saidaliyya, wato kantin maganin mutane, da sauƙin kuɗi, ka roƙi likitan ya rubuta maka wasfa, wato takardar magani, da awon da ya dace, shi zai zaɓa ba kai ba. Kuma ka karɓi kwafin sakamakon gwaji ka ajiye, in ka canza asibiti kar a sa ka sake biya.

In maganar tiyata ta taso, kar ka ƙi gwajin jinin da ake yi kafin allurar barci don tsumulmula, tsohon kare mai raunin ƙoda zai iya tafiya daga kan teburin. In kuma salugi ne, siririn karen farautar Larabawa, ka tabbatar likitan ya saba da irinsu, jikinsu ba kitse, wasu alluran barcin suna daɗewa ba su sake su ba.

Na shida, kaska. A garke ita ce babbar ɓarauniya. Tana sa wa kare ciwon jini wanda ke zuwa da zazzaɓi, kasala, farin dasashi, wani lokaci har haɓo, kuma maganin ɗaya daga cikin cututtukan, doksisaikilin, kusan kwana 28 ake sha ba fashi, mutane da yawa suna dainawa a kwana goma da sun ga ya warware sai ciwon ya dawo a sake sabon lale. Akwai ƙwayar kaska ta wata-wata, akwai irin Bravecto mai ɗaukar mako 12. Da tsada a ido, amma ka kwatanta da kuɗin jinya. Ka share makwancinsa ka fesa wa tsagogin bango magani, a nan take ɓuya.

Na bakwai abinci da inuwa, ba zan ja ba. Ragowar kabsa (shinkafa da nama ta Saudiyya) da muke juye masa cike take da albasa da tafarnuwa, wani sa'in har da zabibi, albasa tana lalata jinin kare, zabibi da inabi suna iya kashe ƙoda. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. Ka dafa masa farar shinkafa da nama ba yaji, in haƙora sun lalace ka jiƙa. Kar ka bar shi ya yi teɓa, kowane kilo na ƙari gwiwa ce ke ɗauka. Ruwa a inuwa kwano biyu, tsohon bargo ko buhu a ƙasa maimakon siminti.

Na takwas, ka buɗe masa asusu, ko da gwangwani ne. A ce riyal 100 duk wata, a shekara 1200 kenan, ya isa ya tare maka ƙofa ranar da abu ya taso. In kuma karen na kafil ne, wato ubangidan da kake aiki ƙarƙashinsa, ko na mai gona kai gadi kawai kake, kar ka zuba kuɗinka shiru kana sa ran za a mayar maka, ka tura masa bidiyon da takardar likita tun kafin a fara, ka ce "Ya ammi, ga halin da ake ciki, a yi ko a bari?" Ka samu amsa a rubuce a WhatsApp.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi musu lissafi, tashi kawai ake yi ko da daren Juma'a ne: ciki ya kumbura ya yi tauri yana yunƙurin amai ba ya fita, ko ya faɗi yana haki harshe ya yi duhu bayan zafin rana (ka zuba masa ruwa mai sanyi-sanyi ba ƙanƙara ba, a hanya), ko ya kasa fitsari gaba ɗaya. In karya ce tsohuwa da ba a cire wa mahaifa ba, makonni kaɗan bayan ta gama lokacin barbara ka ga tana yawan shan ruwa, ta daina ci, ko mugunya na fita ta bayanta, mahaifa ce ta ruɓe, kwana ɗaya na jinkiri yana iya zama ajalinta.

Mataki na ƙarshe shi ne mai nauyi, sanin inda za a tsaya. Wani ciwon ana warkewa, wani kuma riƙe shi kawai ake yi, kamar ƙoda da ta gaji ko ciwon daji da ya bazu. Ka tambayi likita ƙarara, wannan kuɗin warkewa zai saya ko 'yan makonni? Ni abin da nake kallo shi ne yana ci, yana iya tashi ya yi bayan gida da kansa, yana kaɗa jela in ya gan ni? In ranakun wahala sun rinjayi na sauƙi, ka zauna da likita, ka kuma tambayi malami a kan hukuncin sauƙaƙa masa. Abin da dai ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a ɗauke shi a mota a kai shi sahara a yar, na ga ana yi kuma raina yana ɓaci. Duk mun taso da hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, balle wanda ya yi maka gadin dukiya shekara goma.

Barde yanzu ya yi ritaya, mun samo ƙarami yana koyon aiki. Shi kuma yana kwance ƙarƙashin rumfa kan bargonsa, gwajin jini duk wata shida, maganin gaɓoɓi da safe cikin loma ɗaya ta nama. In an ji motsi da daddare har yanzu shi ke fara haushi daga kwance, sannan ƙaramin ya ruga ya duba.