Yadda Ake Duba Fayilolin Sauti da ffprobe

Manhajar ffprobe, wadda ke nuna bayanan da ke cikin fayilolin sauti da bidiyo, tana zuwa ne a cikin FFmpeg, wani kunshin manhajojin sarrafa sauti da bidiyo, kuma kyauta ce. Domin girka ta, a buɗe tagar rubuta umarni ta kwamfuta. A kan kwamfuta mai tsarin Linux na Ubuntu ko Debian, a rubuta `sudo apt install ffmpeg`, a kan macOS kuma `brew install ffmpeg`, idan an riga an girka Homebrew, wato manhajar girka wasu manhajoji. Umarnin `ffprobe -version` zai tabbatar da cewa ta zauna daidai.

Daga nan sai a shiga foldar da fayil ɗin yake, a rubuta `ffprobe -hide_banner karatu.mp3`, a sa sunan fayil ɗin a madadin karatu.mp3. Manhajar za ta nuna tsawon sautin da tsarin da aka matse shi da shi, sannan ta nuna wani adadi kamar 44100 Hz, wato yawan samfurin sauti a kowace daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin faifan CD. Amfaninta babba shi ne ba ta ruɗuwa da sunan fayil, domin abin da ke cikinsa take dubawa, ko da an sauya masa ƙarshen suna.

Sai dai a kula, ffprobe ba ta karanta fayil har ƙarshe a wannan dubawar, don haka lalacewar da ke tsakiya tana iya kuɓuce mata. Wanda yake zargin hakan ya rubuta `ffmpeg -v error -i karatu.mp3 -f null -`, wanda zai bi sautin gaba ɗaya ba tare da ya adana komai ba. Idan bai fito da wani rubutu ba, to bai ci karo da matsala ba.