Hawan doki ba sirdi: kurakuran da aka fi yi a ranar farko

Mutum zai shekara yana hawa da sirdi da likkafa yana ganin ai ya gama iya doki, ranar da aka cire sirdin nan sai yaji kamar bai taɓa hawa ba. Bayan doki yana da santsi, fatar tana motsi a ƙarƙashinka, in yayi gumi kuma abin ya ƙaru.

Babban kuskuren da kusan kowa ke yi shine matse dokin da ƙafafu. Tsoro ne ke kawo shi, kana jin zaka zame sai ka damƙe cikinsa da ƙwauri da dunduniya, to shi kuma doki a wajensa matsa ƙafa umarni ne na ya ƙara sauri, kaga kenan kai kana neman tsira shi kuma yana jin kace masa ya tafi, yana ƙara gudu kana ƙara matsewa har a kai ga abinda ake gudu. Kuma matsewar tana ɗaga ka sama daga bayansa, jikinka ya sandare ka riƙa tsalle kamar buhu. Gyaran shine ka saki cinyoyinka su sauka da nauyinsu, ƙafa ta rataya, ƙugunka ya riƙa bin motsin bayansa. Da wuya a farko gaskiya, amma nan duk hawan yake.

Sai riƙe linzami a matsayin abin dafawa. Dan Allah a daina. Ƙarfe ne a bakin dabbar, duk sanda ka tangaɗa ka ja shi bakinsa kake ji wa ciwo, wani dokin daga nan zai fara tutsu ko ya ɗaga kai sama. In kaji zaka faɗi ka kama geza, ba abin kunya bane, ƙwararru ma suna yi.

Wajen zama ma ana kuskure. Wasu su koma can baya wajen ƙugunsa, inda bayan yafi rauni kuma motsin yafi ƙarfi, wasu su haye kan ƙashin doron nan dake tsakanin kafaɗu su sha azaba. Wurin zama yana daf da bayan doron, akwai ɗan kwari a wajen, zaka ji ka zauna daidai. Ka miƙe bayanka, ka kalli inda zaka, mai kallon wuyan doki gaba yake rinjaya.

Hawan kansa kar ka daka tsalle ka faɗo masa a baya tim. Babu sirdin da zai raba nauyinka, ƙasusuwan zamanka kai tsaye suke sauka a naman bayansa. Ka taka wani abu mai tsayi, wani ya riƙe maka dokin, ka zauna a hankali. Saboda wannan dalilin ne ma minti 10 zuwa 15 sun isa a ranar farko.

Gaggawar sassarfa kuma ita ke zubar da mutane da yawa, don tafi tafiya girgiza nesa ba kusa ba, ƙafafu bibbiyu yake saukewa a tare shi yasa take wurga ka sama. Ka tsaya a tafiya kawai, ka koyi juyawa hagu da dama da tsayawa, wajen juyawa ne zaka gane ko ka zauna ko baka zauna ba.

Kuma ba kowane doki ake gwada wannan dashi ba. Ka nemi mai sanyin hali wanda ya saba a hau shi haka, mai cikakken baya, a fili mai shinge da ƙasa mai laushi. Wando mai santsi irin na leda ka ajiye shi, hular kwano kuma ka saka ko da za'a yi maka dariya.