Babi na 7: Wasa cizal da injin samfefa mai bel

Wannan babi na wanda cizal ɗinsa (ƙarfen sassaƙa katako) ya dakushe ne, ko bakinsa ya ɓantare, ko tsatsa ta ci shi a cikin akwati. Kada ku yar da shi. Ku karanta a hankali, layi-layi. In kun kakare a wata kalma, ku sa yatsa a kanta ku tambayi na kusa da ku. Babu kunya a tambaya.

Darasi na 1: Kafin a kunna inji

Ku tanadi abu huɗu: injin, bel ɗin samfefa, tabarau na kare ido, da gwangwani cike da ruwa. Gwangwanin nan ya fi sauran muhimmanci, za ku ga dalili.

Ku zare wayar injin daga soket. Kashe makunni kawai bai isa ba, ku zare wayar. Sai ku juya bel ɗin ku dubi bayansa. Za ku ga lamba, kamar 80, ko 120, ko 220. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, tana cin ƙarfe da sauri. Babbar lamba ita ce mai laushi. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne, don haka ku maimaita da baki: 80 kaushi, 220 laushi. In kun ga hoton kibiya a bayan bel, tana nuna inda bel ɗin zai riƙa gudu. Ku sa shi ya bi kibiyar da ke jikin injin.

Ku share garin katako daga injin da benci, ku cire jakar ƙura. Ƙarfe yana fitar da tartsatsi, garin katako kuwa ba ya jiran gayyata kafin ya kama wuta. In injin na hannu ne, ku kifar da shi ku ɗaure shi tamau a benci.

Darasi na 2: Taɓa, ɗaga, tsoma

Cizal yana da gefe biyu: baya, wanda yake a shimfiɗe, da gaba, mai gangara. Gangaren kaɗai ake ɗorawa a bel. Ku riƙe shi yadda bel zai taho daga wajen ƙota ya wuce ta bakin. In kun juya bakin yana fuskantar bel, zai caki bel ɗin ya fizge daga hannunku. Tsawon gangaren ya kai kamar kaurin ƙarfen sau biyu ko ya ɗan ɗara. Abin da ake rubutawa digiri 25 zuwa 30 ke nan.

Yanzu ga wurin da kowa yake faɗuwa. Ku fara da lamba 120, ko 80 in bakin ya ɓantare. Ku ɗora cizal a hankali, ba dannawa. Ku ƙirga: ɗaya, biyu. Ku ɗaga. Ku tsoma a ruwa. Ku duba. Ku sake: ɗaya, biyu, ɗaga, tsoma a ruwa.

Me ya sa? Gogar bel tana ɗumama ƙarfe, bakin cizal kuma siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi. Da farko zai yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar kara, daga nan ya koma shuɗi. In ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Ruwa ba zai dawo da shi ba; sai dai a cinye wurin gaba ɗaya a sake gangare.

Bara wani dattijo a ajinmu ya kawo cizal ɗin da ya gada wurin mahaifinsa. Aikin yana masa kyau, sai ya ji daɗi ya ƙi ɗagawa. Ina kallo kusurwar bakin ta yi shuɗi, faɗinta bai fi ƙwayar gero ba. Ya gwada a katako, wurin ya lanƙwashe kamar gwangwanin madara. Ya daɗe yana juya shi a hannu bai ce komai ba.

Don haka ku sa yatsa kusa da bakin. In yatsa ya ji ɗumi, ruwa. In bai ji ba, duk da haka ruwa. Sannu a hankali hannunku zai saba, in Allah ya so. Amma gaskiya na gaji da ganin gwangwani a ƙarƙashin benci babu ko ɗigo a ciki. Haba jama'a! Kun biya kuɗin cizal, ruwa kuwa kyauta ne. Wanda ya zo aji gobe ba gwangwani, ba zai taɓa inji ba. Ɗaya, biyu, ɗaga, tsoma.

Darasi na 3: Gamawa

Ku shafa bayan cizal da yatsa, daga wajen ƙota zuwa baki. In kun ji ɗan ƙarfe ya lanƙwaso tun daga wannan kusurwa har waccan, kaifi ya iso. Ku zare waya, ku sa lamba 220, ku ɗan maimaita, da ruwa. Sai ku kwantar da bayan a dutsen washi ku goga har ɗan ƙarfen ya faɗi. Ku gwada a guntun katako.

Darasi na 4: Tsatsa

Ku shafa kananzir, ku goge da samfefa ta hannu. Ku share, ku shafa mai.

Darasi na 5: Ƙota

In ta tsage, ku sake wata.