Yadda Za Ka Ziyarci Lisbon Ba Tare da Ka Sha Wahala Ba

Ga mutumin Ringim ko Bichi mai son ganin Lisbon, babban birnin Fotugal, aikin yana farawa ne daga banki. Bizar Shengen, wadda ake shiga Fotugal da wasu ƙasashen Turai da ita, tana buƙatar bayanan asusu na 'yan watannin baya, manomi ko ɗan kasuwar da ke ajiye kuɗinsa a gida kuwa a nan yake faɗuwa. Zuba maƙudan kuɗi ana gobe neman biza zargi yake jawowa, don haka fara shigar da cinikinka da wuri. Kuɗin biza Yuro 90 ne, sai inshorar lafiya mai iya biyan kuɗin jinya na aƙalla Yuro 30,000, fasfo kuma ya kasance da saura wata 3 bayan ranar dawowarka.

Tafi a Afrilu ko Mayu, kafin damina ta riƙe ka a gona. Bayan kaka ruwa da sanyi za ka tarar a can.

Lisbon gari ne na tuddai, hanyoyinsa daɓen ƙananan duwatsu masu santsi, silifa ba za su yi ba. Fara da ganuwar São Jorge, wadda ke hannun Musulmi har zuwa 1147, ka gangaro ta lungunan Alfama, unguwar da ta tsira daga girgizar ƙasar 1755. A ganinmu ita ce ta fi cancantar yini guda. Taragon titi mai lamba 28 yana ratsa ta, amma 'yan sane sun san baƙi ne ke cika shi, riƙe jakarka ta gaba. Kada ka je unguwar Belém ran Litinin, ginin tarihi na Jerónimos da ke can a rufe yake. Sintra kuwa, garin tsofaffin fadojin sarakuna, kimanin minti 40 ce a jirgin ƙasa daga tashar Rossio. Kama na sassafe.

Abinci na son lura. Miyar ganyen caldo verde da naman alade a ciki, ana kuma dafa wasu abincin da giya, sai ka tambaya. Gasasshen kifi ya fi kwanciyar hankali, naman halal kuma yana nan a unguwar Martim Moniz. Burodi da zaitun ɗin da ake ajiye maka ba kyauta ba ne: in ka ci, ka biya.

Juma'a ka nufi Babban Masallacin Lisbon, kusa da Praça de Espanha. A Cascais, garin bakin teku kusa da Lisbon, kada ka shiga ruwa in an kafa jar tuta, igiyar ruwan tana jan mutum ciki.