Darasi na 7: Ɓerayen Gwaji da Man Girkinmu

A Kano idan mutum ya yi teɓa, sai a ce hutu ya zo masa. Ranar da likita ya ce ya rage jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari, tuwo da shinkafa yake fara ragewa. Ba kasafai ake tuna man da ke yawo a saman miya ba. A kansa za mu tsaya yau.

Yana da wuya ƙwarai a tsare mutane wata uku ana auna musu kowace loma. Shi ya sa masana suke aiki da ɓerayen da aka haifa a ɗakin gwaje-gwaje. Ana sa su a keji mai tsabta, a auna abin da suka ci, a ɗora su a sikeli.

A shekarar 2018, Farfesa John Speakman da abokan aikinsa a birnin Beijin na ƙasar Sin suka fitar da sakamakon wani babban gwaji. Sun haɗa abinci iri 29. Wani mai ya yi yawa a cikinsa, wani sukari, wani kuma sinadarin gina jiki irin na nama da wake. Suka ciyar da ɓerayen tsawon mako 12. Ƙarin sukari a busasshen abinci bai sa su ƙiba ba. Waɗanda aka yawaita wa mai su ne suka ci fiye da buƙatarsu, suka tara kitse. Mai yana sa abinci daɗi har ƙwaƙwalwa ta ƙi cewa ya isa, ko da ciki ya cika.

Kada mu yi saurin wanke sukari. Da masanan nan suka narka shi a ruwan shan ɓerayen, sai suka yi ƙiba. Abin sha mai zaƙi yana wucewa ne bai ƙosar ba, ɓeran ya sha kuma ya ci abincinsa. Ku tuna zoɓo da kunun aya da lemon kwalba da muke kora abinci da su a zafin nan na bazara.

Tun a 1976, Anthony Sclafani a Amurka ya zuba wa ɓeraye kayan kanti: biskit, cakulan, cuku, madarar gwangwani mai zaƙi. Suka yi watsi da abincinsu na kullum, suka yi ta ci har suka yi jibgegiyar ƙiba. Galibin kayan nan mai ne haɗe da zaƙi, kamar dai alkaki da dubulan da cincin da muke cika faranti da su a biki.

Ɓera ba mutum ba ne, 'yan'uwa. Shi abin da aka ba shi yake ci, mu kuwa da kuɗin cefane da aikin yini da al'ada duk suna cikin lissafinmu. Amma akwai lissafin da bai bambanta ba. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Giram 1 na sitaci ko sukari kalori 4 ne. Giram 1 na mai kalori 9 ne, ko man gyaɗa ne, ko manja, ko man shanu. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu daga bakin galan muke tuttulawa cikin tukunya, babu awo. Ba cewa ake a daina cin mai ba, jiki yana buƙatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin yini.

Aikin gida: gobe kafin a ɗora miya, a zuba man da aka saba zubawa a kofi, a ƙirga shi da babban cokali. A rubuta adadin a littafi, a ninka shi da 120, sannan a raba da yawan masu cin tukunyar. Wanda ba shi ke girki ba ya nemi uwargida ta taya shi. Ku zo da amsar aji na gaba.