Yadda Ake Kamun Walleye da Sauger daga Cikin Jirgi a Kogi

Walleye da sauger kifaye ne 'yan gida ɗaya da ke rayuwa a manyan kogunan Amurka da Kanada, irin su Misisipi da Mizuri da Ohayo. Dukansu suna kwanciya ne a ƙasan kogi, kansu yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, suna jiran abincin da zai kawo musu. Saboda haka aikin mai fatsa shi ne ya saukar da ƙugiyarsa daf da ƙasa, ta riƙa tafiya daidai da gudun ruwa, kuma hakan ba ya samuwa sai ga wanda ya iya sarrafa jirginsa. A ganina, iya riƙe jirgi ya fi zaɓen launin ƙugiya muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kafin ka shiga ruwa, ka sayi lasisin jihar da za ka yi su a cikinta, ka kuma koyi bambance kifayen biyu, domin doka takan raba su wajen tsawon da aka yarda a tafi da shi gida. Walleye yana da farin tabo a ƙarshen wutsiyarsa ta ƙasa, kuma ya fi girma. Sauger ba shi da wannan tabo, amma yana da ɗigo-ɗigon baƙi a jere a kan ƙayar bayansa da manyan dabbare masu duhu a gefen jikinsa, sannan ya fi ɗan'uwansa jure ruwa mai laka da zurfi da ƙarfin gudu.

Lokacin da ya fi albarka shi ne ƙarshen sanyi, wato Maris da Afrilu, sa'ad da kifayen ke haurawa sama domin zuba ƙwai, abin da walleye ke yi idan ɗumin ruwa ya kai tsakanin digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin Salsiyas. Madatsun ruwa sukan tare musu hanya, sai su taru a ƙasansu. Wannan ne ya sa jirage ke cika ƙasan madatsa ta 3 a kogin Misisipi, kusa da garin Red Wing na jihar Minesota, kamar yadda suke cika kogin Ditroit a watan Afrilu idan walleye suka hauro daga tafkin Iri. Idanun kifayen nan suna gani sosai a cikin duhu-duhu, don haka asuba da almuru da ranar da hadari ya rufe sama sun fi tsakar rana. Kada ka nemi tsakiyar inda ruwa ya fi gudu. Nemi layin da ruwa mai sauri ya haɗu da mai sanyin tafiya, wanda sau da yawa kumfa da ƙirare ke nuna shi a saman ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa: sandar fatsa mai tsawon kusan mita 2 wadda kanta ke isar da motsi zuwa hannu, da siririn zare saƙaƙƙe wanda ba ya talewa, da ƙugiya mai kan darma mai nauyin giram 7 zuwa 21, a soka mata ɗan ƙaramin kifi mai rai ko jelar roba. Ka zaɓi mafi ƙarancin nauyin da zai ba ka damar jin ƙasa, idan kuma ka daina jinta, ka ƙara nauyi nan take.

Ga yadda ake riƙe jirgin. Ka haura sama da wurin da kake so, ka kashe babban inji, ka juya goshin jirgi ya fuskanci ruwa ko iska, duk wanda ya fi ƙarfi, sannan ka bar kogi ya gangara da kai a hankali kana gyara tafiyar da ƙaramin injin lantarki da ke gaba. Abin da kake nema shi ne zaren ya tsaya a miƙe ƙarƙashin kan sandar. Idan ya karkata zuwa inda ruwa ke fitowa, jirgin ya fi ƙugiya sauri, sai ka ɗan taka inji ka koma kanta. Idan ya karkata zuwa inda ruwa ke gangarawa, ka sassauta inji jirgin ya bi shi. Zaren da ya karkata yana jan ƙugiya a kan duwatsu ta maƙale, kuma yana ɓoye maka cizon kifi. Da zarar darmar ta taɓa ƙasa, ka ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, ka riƙe na ɗan lokaci, ka mayar da ita a hankali ba tare da zaren ya saki ba. Mafi yawan cizo yana zuwa ne a lokacin saukowar, kuma a ruwan sanyi bai wuce ɗan ƙwanƙwasa ko wani nauyi da ba ka saba ji ba, don haka ka fizga sandar sama da zarar ka ji wani abu dabam. Idan kifi yana cinye jelar abincin yana barin kan, ka ɗaura ƙaramar ƙugiya mai baki uku a bayan babbar da ɗan gajeren zare.

Idan ruwa ya yi ɗumi, walleye sukan koma jikin jerin duwatsun da injiniyoyin sojan Amurka suka gina daga gaɓa zuwa cikin Misisipi domin karkata ruwa zuwa hanyar manyan jirage. Gefen da ke fuskantar ruwa ake nema, a tsayar da jirgi sama da shi, a jefa ƙugiya ta gangaro gindin duwatsun.

Sauger sukan taru a gurbi mai zurfi a ƙasan madatsa, amma kifin da aka ciro daga zurfin da ya wuce mita 9 jakar iskar cikinsa takan kumbura, kuma sau da yawa yakan mutu ko da an sake shi. Idan ba ka da niyyar tafiya da shi, ka yi su a inda bai kai wannan zurfi ba. Haka nan a sashen arewa na kogin Misisipi an hana jirgi matsawa kusa da madatsa fiye da ƙafa 150 daga ƙasa da ƙafa 600 daga sama, domin ruwan da ke juyawa a gindinta yana iya janyo jirgi ya kifar da shi. Ka sanya rigar ceto tun kafin ka bar gaɓa, saboda ruwan watan Maris yana kashe ƙarfin hannu da ƙafa cikin 'yan mintoci, kuma ka kauce wa manyan jiragen dakon kaya tun suna nesa, domin ba sa iya tsayawa da sauri.