Babi na 9: Bukukuwan Mabiya Addinin Hindu

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Da yawanku kun taɓa gani a fim ɗin Indiya ana watsa wa juna hoda mai launi, ko an jera fitilu a ƙofar gida. Bukukuwan addinin Hindu ke nan. Ku riƙe wannan tukuna: Indiya ƙasa ce, Hindu addini ne. A ƙidayar 2011, kusan mutum 80 cikin 100 a Indiya mabiya Hindu ne, Musulmi kuma 14. Sanin abin da wani ke yi ba bin sa ba ne, karatu muke yi.

Darasi na 1: Diwali

Ku faɗa gaɓa-gaɓa: Di, wa, li. Ku sake. Madalla.

Harafin farko d ne. Ku ɗauki fensir. Ku fara zana tumbi, sannan ku ja sanda a damansa. Tumbi a hagu, sanda a dama. Idan sandar ta riga zuwa, b kuka rubuta, sai kalmar ta koma biwali. Kada ku ji kunya, kowa ya taɓa yin wannan kuskuren. Ku goge ku sake: tumbi a hagu, sanda a dama. Kuma kada ku lanƙwasa kan sandar, in kun lanƙwasa ta koma ɗ irin ta ɗaki.

Yanzu ku karanta, yatsa yana bin kowace kalma:

Diwali bikin fitilu ne. Ana yin sa kwana 5, a Oktoba ko Nuwamba, babban darensa kuma shi ne daren da wata ya ɓuya duhu ya yi yawa. Suna kunna ƙananan fitilun yumɓu masu mai da lagwani, kamar aci-bal-bal ɗinmu, sunanta diya. A labarinsu, Rama, wani ɗan sarki da suke bauta wa, ya dawo garin Ayodiya bayan shekara 14 a gudun hijira, jama'a suka haska masa hanya. Ma'anarsa a wurinsu ita ce haske ya rinjayi duhu. Suna share gida, su roƙi Lakshmi, wadda suke bauta wa don neman arziki.

Ku ja layi ƙarƙashin kowane d da kuka gani. Sannan ku rubuta diya sau 10. Ina tumbin yake? Hagu. Ina sandar? Dama. Na sha duba littattafai in tarar da biya shafi guda, ga shi diya daban, biya daban. Haba jama'a! Wanda bai taɓa fensir a gida ba tun makon jiya, ba laifin harafi ba ne. Minti 10 bayan sallar isha'i bai fi ƙarfin kowa ba.

Darasi na 2: Holi

Ho, li. Gaɓa 2 kawai.

Holi bikin launuka ne, yawanci a watan Maris, lokacin da sanyi ya wuce. A daren jajibiri suna hura babbar wuta don tuna yaro Parahalada da ya tsira, Holika mai son ƙona shi ta ƙone. Washegari sai watsa hoda, babba da yaro.

Ku rubuta hoda sau 5. Akwai d a ciki, ku kula da tumbinsa.

Darasi na 3: Nabaratiri

Ma'anar sunan dare 9. Bikin girmama Durga ne, wata da suke bauta wa.

Ku kwafi layin nan na sama sau 3, ku kawo ranar Litinin.